Bayan Giginyu

Ruwa ya ci hanyar gona,
sai Nazifi ya aiki jirginsa marar matuƙi
daga tudun Auyo.

Hoto tar har giginyu.
Daga nan allo ya soma in'ina,
sanda huɗu ta koma ɗaya.

Ya sauya zango,
ya karkata eriya gabas,
ya haye amalanke.
"Nisa ko kyan hoto, Baba? Ba sa haɗuwa."

Tsoho ya ce, "Nisa."

Dishi-dishi: ruwa, ruwa,
rigar mutum-mutumi har wuya,
sai ɗan tsibirin shinkafa
kamar tafin hannu.

Sigina ta yanke.
Jirgi ya juyo gida da kansa.
Tsoho bai ɗago ba,
yana shafa allon da yatsa,
yana ƙirga buhu.