Faɗuwar Kofur Mantau

Daren da motar majigi ta sauka Harbo
an ɗaure farin ƙyalle daga tsamiya zuwa bangon makaranta.
Inji ya yi tari sau uku kafin ya kama,
ƙwari suka yi dafifi cikin hasken,
mu yara muna gaba, gyaɗa a aljihu, ƙasa a gwiwa.

Sai ga kakana a jikin ƙyalle,
ya fi rumbun gidanmu tsawo.
Wai shi ne ƙauyancin nan mai gudun allura:
malamin asibiti na ɗaga hannu
ya zabura, ya tsallake akuya,
ya ci karo da akurki, ya zube rub da ciki,
kaji suka watse, hularsa ta bi su.
Garin ya yi dariya har mai unguwa ya ƙware.
"A maimaita! A maimaita!"
Mai inji ya mayar da zare baya,
kakana ya tashi, ya sake faɗuwa.

Na waiwaya. Yana can ƙarshen taro kan buzunsa,
yana ɓare goro da farce,
idonsa ba ya kan ƙyallen.

Tun daga ranar ba mai ce masa Kofur.
Ko a kasuwar Aujara sai ka ji, "Ga allura nan!"
Ya dafe ƙirji, ya yi musu rawar jiki kaɗan,
kamar mai biyan kuɗin rumfa,
ya sayi kanwarsa ya wuce.

Inna Tabawa ce ta buɗe mini gwangwanin.
Lambar tagulla biyu, sun yi kore,
takarda mai hatimi da gara ta ci rabinta,
da ɗan ƙarfe baƙi, bai kai ƙwallon dabino ba.
Ta ce, "Wannan aka ciro. Ɗan'uwansa na cikin cinya,
shi ke gaya mana saukar damina kafin hadari."

Na bi shi gona lokacin maimai.
Na ce, "Kaka, wa ya koya maka faɗuwa?"
Ya jingine fartanya, ya daɗe bai amsa ba.
Ya ce, "Haka mai ɗaukar hoton ya tambaye ni.
Samari bakwai ya gwada, kowa na tausayin jikinsa.
Ni kuwa a Bama na koya, ba da bulala ba.
Daji ne da rana ba ta taɓa ƙasa,
ruwa kwana arba'in, matsattsaku har cikin takalmi.
In ka ji fito daga sama,
ba ka neman wuri mai laushi.
Jibo, yaron Kafin Hausa, da muke raba taba ɗaya,
ya tsaya cafko linzamin alfadari.
Numfashi guda kawai ya makara.
Ni na faɗi, shi ya sa nake nan ina noma gero."

Na ce, "To, dariyar ba ta ƙona ka?"
Ya tofar da goro.
"Sule goma suka ba ni, na sayi tunkiya.
Kuma shekarar yara sun miƙa hannu an tsaga,
agana ba ta ɗauki kowa a unguwarmu ba.
A can na faɗi, uwa ta yi kuka a Kafin Hausa.
A nan na faɗi, gari ya yi dariya.
Kai wacce za ka zaɓa?"

Ya rasu da kaka, ana cikin sussuka.
Wajen zaman makoki wani ya tuna akurkin,
dariya ta kuɓuce wa dattawa, suka rufe baki da hannun riga.
Ban ji haushi ba.
Ƙarfen na cikin tafin hannuna,
ɗan'uwansa mun binne shi tare da shi,
bana ba mu san ranar da ruwa zai sauka ba.