Bashin Numfashi

A Potosi iska ba ta da kauri.
Baƙo in ya sauko daga mota
sai ya dafa bango yana haki
kamar wanda kare ya koro.
Mu da aka binne cibiyarmu a nan
ba mu san iska na da tsada ba.
Ni dai ban sani ba, sai daren da na zauna
gefen gadon babana ina ƙirga numfashinsa.

Ashirin da takwas a minti guda.
Mai zurfi, mai nauyi, babu hutu,
kamar zuga-zugin maƙerin da ake jira.
Na ce wa Basilia, nas ɗin dare,
"Ƙurar ramin ce ta taso kuma?"
Ta ɗaga robar fitsari ta haska:
tun la'asar ko cokali uku bai cika ba.
Ta ce, "Ba kuka huhun nan ke yi ba, Eulalia.
Bashi yake biya."

Ta ja kujera, ta hura tafukanta don sanyi.
Ta ce jini miya ce da ba ta son tsami,
jiki kuwa kullum cikin ɗiga mata shi yake.
Masu gyara biyu ne.
Huhu mai garaje ne, kafin ka rufe baki
ya busar da nasa kason a iska.
Ƙoda mai nawa ce, ta kwana biyu, ta kwana uku,
tana tacewa, tana zaɓe,
ta mayar da kanwa cikin tukunya,
tsamin kuma ta sallame shi ta ƙasa.
Ba su taɓa haɗa ido ba.
Jini ne ɗan aikensu.

Shekara talatin da ɗaya Nicanor Ticona
yana shiga cikin dutsen azurfa,
fitila a goshi, ganyen koka a kunci.
Yana cin dutse da guduma, dutse na cin sa da gari,
har huhu ya taurare
kamar soson da aka manta a rana.
Wa ya rufa masa asiri?
Ƙoda ce ta ji iska ta ƙaranta a jini,
ta aika wa ɓargo, a ƙaro jajayen ƙwayoyi.
Shi ya sa kumatunsa suka rine,
muna yara muna ce masa garwashi.
Ita ta riƙa tara kanwa
sa'ad da hayaƙin jiki ya ƙi fita.
Ba ta taɓa cewa uffan ba.
Mu kuma tari muke saurare, don shi ke da murya.

Yau rariya ta toshe.
Tsami ya hau, babu mai sauke shi,
sai ga tsohon huhu mai tabo
ya ɗaure ƙugu, yana jan abin da ya fi ƙarfinsa.
Alheri danƙo ne, in ji Basilia,
ko a cikin ciki ba ya faɗuwa banza.

Ƙarfe shida aka samu gurbi a na'urar wanki.
Na ga jinin babana ya fita ta siririyar roba,
ya zaga, ya dawo gida.
Ashirin da huɗu.
Ashirin da ɗaya.
Goma sha tara.
Ya buɗe ido ya nemi kunun jar masara.
Rabin kofi aka yarda, ya yi tsaki, ya sha.

Na fito waje. Dutsen na nan, jajir,
motocin ma'adinai sun fara hawa.
Na ja iskar da ba ta da kauri, ta ishe ni.
Sai na samu hannayena biyu a bayana,
ƙasan haƙarƙari, hagu da dama,
ina ƙirga.
Biyu.
Na koma ciki neman likita.