Wanda Bai Sha Wanka Ba

A Tbilisi, bakin Busasshiyar Gada,
shekara talatin da ɗaya ina shimfiɗa jan bargo,
in jera tsoffin kuɗi, kowanne a ɗakinsa na kwali.
Nugzar suke kirana.
Idona na dama ya girmi na hagu,
don shi nake manna wa gilashin dubawa.

Wata Asabar, sanyi na cizon yatsa,
dattijuwa ta tsaya kaina da baƙar jaka,
ta ce ita ce Eteri, matar Vakhtang mai gyaran agogo,
jiya aka yi masa arba'in.
Na san shi. Mai taurin kai wajen tayi,
sai ya yi wata biyu yana zagaya tsaba guda
kafin hannunsa ya yarda ya shiga aljihu.

Ta buɗe gwangwanin shayi.
Haske ya mare ni.

Abazi na azurfa goma sha bakwai,
suna walƙiya kamar cokulan gidan biki.
Ta ce, "Kwana uku na yi a kansu,
da toka, da lemun tsami, da tsohon buroshin haƙori.
Kunya ta hana ni kawo maka su da dauɗa."

Na ɗauki ɗaya ta gefe, tsakanin yatsu biyu.
A ƙarƙashin gilashi karce dubu sun keta rubutun Farisa,
kamar an bi ta kan kabari da garma.
Baƙin da ta kankare, shi ne shaidarsu,
shekara ɗari biyu suna saƙa shi zare-zare.
Shekaranjiya sun isa biyan hayar shekara,
yau sikeli ne kaɗai zai yi magana:
nauyin azurfa, ba ƙari.

Na faɗa mata.
Na iya shiru a ciniki, amma ban iya ƙarya ba.
Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta
inda lemun tsami ya tsattsaga fata,
ta ce, "Garin neman gira, ke nan."

Sai ta kife gwangwanin don ta kakkaɓe toka,
wata 'yar takarda ta faɗo daga gindi,
a ninke huɗu, da nauyi a ciki.

Baƙi ƙirin. Shuɗi-shuɗi a gefe kamar wuyan tattabara.
Na auna, nauyi ya cika.
Na juya gefe, babu ɗinkin 'yan jabu.
Ɗigon kowane harafi na tsaye a wurinsa,
shekarar bugu ta fito sarai,
kai ka ce daga guduma ya faɗa aljihun wani, ya yi barci.
Sau biyu na taɓa ganin irinsa, ɗaya a bayan gilashi.

Na faɗi kuɗin da ya ninka na sha bakwai ɗin sau goma.
Ba ni take saurare ba, takardar take karantawa,
rubutun Vakhtang ne, ƙanana kamar haƙoran agogo:
"Na saya ranar da aka haifi Tsiala. Eteri ba ta san nawa ba."

Ta yi dariya har ta dafa ƙarfen gada.
"Shi ya sa aka yi sunan yarinyar babu nama!"

Sha bakwai ta sayar mini a kan nauyi.
Baƙin ta riƙe.
Na ba ta ambulan na takarda, na ce:
ban da leda, ban da laima, ban da hucin baki,
in za ki taɓa, ta gefe.
Ta ce, "In ya ƙara baƙi fa?"
Na ce, bar shi, aikinsa yake yi.

Kafin rana ta take tsaka, baƙi masu kyamara
sun kwashe masu ƙyallin nan kaf, ko tayi babu.
Ɗaya har yana yaba mini tsabta.
Na ƙirga lari, na ware ribar gefe guda,
na naɗe bargo tun kasuwa ba ta watse ba.
Na san gidan mai agogo: hawa na uku, ƙofa koriya.