Mai Ƙirga Ciyawa

Shekara bakwai Eluney Painemal tana durƙuso
a filayen Chubut, iska na fizge mata hula.
Ta aza zoben ƙarfe a ƙasa,
ta ƙirga ciyawa tushe-tushe,
ta yanka, ta shanya, ta ɗora a sikeli.

Kakanta Segundo na bisa doki yana dariya:
"Tunkiya ta san wannan, ba ta riƙe biro ba."

Ta rataya wa tumaki arba'in na'ura a wuya.
Da dare a Esquel, kwamfuta ta nuna
inda suka kwana, inda suka yi kiwo,
da wani kwari mai ruwa, kore shar,
da ko ɗaya ba ta taka ba.
Lissafi ya yi shiru.

Tsohon ya leƙa taswirar, ya kurɓi shayinsa.
"Damisar dutse ce. Tun bara take can."

Ranar da jami'a ta ɗauke ta koyarwa,
kwantiragin shekara guda, ba tabbas,
ta buɗe kundinta a shafin godiya,
ta karanta masa sunansa har sau biyu.

Ya ce, "To, madalla.
Gobe askin tumaki. Ki fito da asuba."