Layin da Ta Hana

Ni na biya, ni na sa hannu.
Hawa na tara, asibitin fata a Busan,
inda kujeru suka fi gadonmu laushi.
Uwata Mal-sun ta ɗofana a bakin ɗaya,
jaka a cinya kamar za a fizge,
hannuwanta na ƙarnin kifi
duk da lemun tsamin da ta cuɗa tun asuba.

Saura kwana goma sha ɗaya bikina.
Surukata fuskarta sumul, kamar ba ta taɓa jin bashi ba.
Wannan ban faɗa ba.
Na ce kyauta ce.

Likita Ok ya ɗauko alƙalami shuɗi
yana ɗiga mata alama:
nan, nan, da gefen baki.
Kolajin, in ji shi, abin da jiki ya rage yi,
za mu mayar masa kaɗan-kaɗan,
bayan 'yan watanni a sake.

Ta ce, "Ashe haya ce, ba saye ba."

Allura ta shiga, ko ƙiftawa.
Me allura za ta gaya wa matar
da ƙayar kifi ta huda sau dubu?
Kwarin gefen hanci ya ciko
yadda ruwa ke shafe sawu a kan yashi.
Shekara arba'in ta iskar teku,
ta kiran ciniki a kasuwar Jagalchi,
ta ja da baya cikin minti ashirin.

Da ya kai tsakanin girarta
sai ta riƙe masa wuyan hannu.
"Wannan bar min.
Da shi nake cin abinci.
In babu shi, kowa sai ya nemi ragi."
Likita ya yi dariya.
Ni ban yi ba. Ina da shekara bakwai
layin nan ya fito,
damunar da jirgin babana bai dawo ba.

A jirgin ƙasa ta leƙa baƙin gilashi,
ta taɓa kunci da ɗan yatsa
kamar mai gwada ɗanyen kifi.
"Na koma kama da ƙanwata,"
wadda ba sa ga maciji.

Can ta ce, "Nawa?"
Na faɗi rabi.
Leɓenta na motsi, tana lissafawa da kwandon kifi,
sai layin da ta hana
ya tsuke, ya zurfafa,
ya juyo kaina.