Randar Ƙofar Gida

Baba Gambo yana cikin wata tsohuwar waya,
minti goma sha ɗaya, hoto da murya,
ranar da ya yarda ya ba mu labarin kuza:
yadda suka kwashe cikin Bukuru da kwano a ka,
yadda akawu ke auna gumin mako ya biya da sulalla.
Ya yi tari sau uku, dariya sau ɗaya.
Damina ba ta fita ba muka kai shi titin Zariya.

Sabuwar wayata ta ƙi buɗe shi.
Wai ba ta san irin wannan fayil ba,
kamar jikan da aka haifa a birni,
ga kakansa yana magana, shi ko sai ido.

Na sauka Taminus, layin masu tura waƙoƙi.
Davou yana bayan kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
hular sanyi har gira.
Ya ce, zauna, yanzun nan.

Manhaja ta farko ta juya minti biyu,
ta tsaya cak, ta miƙo hannu:
dala talatin, ko Baba ya yi shiru a tsakiyar zance.
Ta biyu ta juya shi duka,
sai ta buga tambarinta a goshinsa,
daidai inda tabon sallah yake.
Ta uku ta shigo da gayyar talla,
mai caca, mai rance, mai maganin tumbi,
har kwamfutar ta kama zazzaɓi.
Aka ɗauke wuta.
Ƙanƙara ta sauko wa kwanon shagon da duka.

Da janareta ya tashi, Davou ya sosa ƙeya.
Ya ce akwai wata, ba ta da kwalliya,
baƙin allo ne kawai, kai za ka rubuta abin da kake so.
Na ce nawa? Ya ce kyauta.
Na ce kyauta irin ta ɗazu?
Ya ce a'a, wasu ne suka haɗu suka gina ta,
wani a nan, wani can bayan teku,
suka bar ƙofar a buɗe, in ka iya gyara ka gyara.
Na ce wa ke biyan su?
Ya ɗaga kafaɗa.

Sai na tuna randar da Baba ke ajiyewa
a ƙofar gidanmu na Gangare,
da moɗa ɗaure da zare.
Bai taɓa tambayar sunan mai sha ba.

Layi ɗaya ya rubuta, ya kuskure, ya sake.
Lambobi suka yi ta gudu kamar tururuwa.
Sai ga goshin, fes, ba tambarin kowa.
Sai ga muryar:
"To, a ramin Dorowa, ni da wani Chollom..."

Davou ya danna, ya tsayar.
Ya mayar baya. Ya sake mayarwa.
Ya ce, kakana Chollom ne, a Dorowa ya bar yatsu biyu.
Na ce Chollom ai da yawa a Filato.
Ya ce na sani.

Na zaro ɗari biyar, ya ture hannuna.
Ya ce, in ba damuwa, bar mini kwafi.

A cikin keke, hanyar gida,
na manna wayar a kunne saboda ruwa.
Har tarin na ji, duka ukun.