Aljihun Mutane

Kullum tambayarku guda ce a waya:
"Arzika, ina kake samo labari?"
To yau zan faɗa, ku matso kusa,
ko da ciniki zai watse mini a gari.

Ni ba ni da ɗakin karatu.
Rumfar kwano gare ni a Mabera,
dutsen guga biyu, buhun gawayi,
da igiya uku a jikin dogon-yaro.
Kafin in jiƙa riga sai na laluba aljihu,
ƙa'idar sana'a ce, haka maigidana ya koya min.
Son jin ƙwaƙwaf daga baya ya shigo,
a hankali, yadda kan kamu da tari.

Ran Talata, a kaftanin Malam Jabbi,
na tsinci tikitin motar Illela,
alhali ɗansa da ya kawo wankin ya ce
Baba yana Gusau wajen taro.
Ban ce uffan ba, na sa sitati na goge.
Da dare na ɗora masa rawani da tabarau,
na mai da shi ɗan fasa-ƙwauri,
babi huɗu kafin a kira assalatu,
har da kwastan, har da hatsari.

Wata jallabiya mai warin albasar Wurno
ta zo da ƙwallon dabino da lambar waya,
ba suna, an rubuta a bayan kwalin ashana.
Shaiɗan ya zuga ni na kira.
Wata tsohuwa ta ɗauka:
"Modi? Modi, kai na?"
Na kashe, hannuna yana rawa.
Wata uku ke nan ina neman Modi a takarda,
na kai shi Agadas, na kai shi Ikko,
ya ƙi dawowa gida da wuri.

Akwai wanda na kasa taɓawa.
Wandon ɗan sanda, aljihun baya,
takardar magani, yarinya 'yar shekara shida,
an ninke an buɗe har ta yi laushi
kamar tsohuwar naira ɗari.
Ita na goge ta da dutse mai ɗumi,
na mayar inda na same ta.
Wannan ba nawa ba ne, na bari.

Rubutun kuwa a tabarma nake yi, a waje,
don zafin Sakkwato ba ya barin mutum a ɗaki.
Gilashin wayata ya tsage gida biyu,
cajinta a shagon Ɗan'ige, kullum bashi.
Masu karatuna sittin da uku ne,
ciki har da ƙanwata Ige da mai shayin kwana,
in na yi jinkiri su aiko da zagi,
in na kashe jaruma su ce ba ni da haƙuri.

Sai ga kaftanin Jabbi ya dawo jiya.
Na zura hannu, takarda ce a ninke,
da jan biro, rubutun malamin makaranta:
"Arzika, na karanta duka.
Ba hwasa-ƙwauri ni kai ba.
Bashin ubana ni ka biya a Illela,
kaɗan-kaɗan, tun da yar rasu,
ban son yara su ji.
Ka gyara babi na ukku.
Kuma sitatin ya yi yawa, wuyana na ciwo."

Na zauna a kan buhun gawayi
har wutar dutsen ta mutu.
Shekara biyu ina sa wa ƙarya gishiri,
ga mutum ya ba ni gaskiya a layi shida
ta fi nawa nauyi.
Ban gyara babin ba tukuna.
Na dai rage sitati,
kuma wankinsa na wannan makon
ban rubuta shi a littafin bashi ba.